Ƙafa Uku da Takarda Ɗaya: Karatun Farko na Ɗan Koyon Gyaran Rediyo

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. An kwashe makonni babu kira, babu saƙo, babu intanet, kuma garuruwan karkara sun fi Gusau daɗewa cikin wannan hali. Mutumin Bilbis ko na Bungudu da ke son sanin halin da duniya ke ciki sai ya koma ga akwatin rediyo, ya kamo BBC da safe, ya juya zuwa Kaduna ko Pride FM ta Gusau da rana. Duk wanda nasa ya lalace a kwanakin nan ya san darajar mai gyara.

Cikin cututtukan da ke kai rediyo shago, kaɗan ne suka kai na boliyom yawa. Ka murɗa ya yi kwarr-kwarr, ko murya ta ɗauke sai ka danna shi da yatsa. Shi ne kuma aikin da maigida ya fi saurin miƙa wa yaronsa, tunda a ido ba komai ba ne: ƙafa uku, waya uku. Yaro ya cire tsohon, ya liƙa sabo, ya kunna. Sai ya ɗago kai ya ce, "Maigida, na sa sabo amma shina yi ta baya." Wato idan an murɗa dama murya ta ragu, idan an murɗa hagu ta ƙaru. Maigida ko kallonsa bai yi ba zai ce, "Juya wayoyin gefe." Yaro ya juya, aiki ya yi kyau, mai rediyo ya biya ya tafi. Abin da yaron bai samu ba shi ne dalili. Gobe idan aka kawo masa amfilifayar masallaci mai boliyom shida, ko wadda wani ya riga ya tsinke wayoyinta, zai tsaya yana jiran a gaya masa.

Ba ina raina koyon shago ba ne. Yaran da suka taso gaban masu gyara a Tsafe da Gusau da Funtuwa sun fi ɗaliban makaranta da yawa iya riƙe ƙarfen liƙi, hancinsu ma yana gane ƙaurin taransifoma tun daga bakin ƙofa. Sai dai koyon nasu na haddar wuri ne: wannan jar wayar nan take zama, waccan baƙar can. Ranar da kamfani ya sauya fasalin fanel, hadda ta rushe. Wanda ya iya karanta zanen da'irar lantarki kuwa, ko daga Sin aka kawo na'urar ko daga Jamus, yare ɗaya yake gani.

Abu na farko da ke rikita mai koyo shi ne yana zaton zanen hoton fanel ne. Ya duba takarda ya ga razista a hannun hagu, ya duba fanel ya gan ta a dama, sai ya ce zanen ba na wannan na'urar ba ne. Zanen bai damu da inda abu yake zaune ba. Kamar salsalar dangi yake: tana gaya maka wane ɗan wane ne, wance ƙanwar wane ce, amma ba ta gaya maka wa ke zaune a Bilbis wa ya koma Kano. Layi a kan takarda yana cewa ne kawai ƙafar wannan tana haɗe da ƙafar wancan. Ko haɗin na taƙi ɗaya ne, ko ya zagaya fanel gaba ɗaya, duk ɗaya ne.

Daga nan sauran ƙa'idojin ba su da yawa. Inda layi biyu suka gitta juna aka sa ɗigo baƙi, a haɗe suke. Inda babu ɗigo, wucewa kawai suka yi. Wannan ɗigon ya jawo asarar kaya ba kaɗan ba, musamman yanzu da yawancin zane a fuskar waya ake kallonsa, an turo ta WhatsApp ya dusashe. A buɗe hoton sosai kafin a yanke hukunci. Haka nan masu zane ba sa son cika takarda da layuka, don haka sai su yi amfani da suna. Duk inda ka ga GND, ko alamar gajerun layuka uku da ke ƙanƙancewa zuwa ƙasa, waya ɗaya ce, wadda a na'urar batir galibi ita ce negatif. Duk inda aka rubuta VCC ko +9V, nan ma waya ɗaya ce ko da babu layin da ya haɗa su. A al'ada fozitif yana sama, negatif yana ƙasa, sauti yana shigowa ta hagu ya fita ta dama.

Razista tana da alama iri biyu. Amurkawa da Japanawa sun saba zana ta da layi mai zarƙwala kamar haƙoran zarto, Turawan Turai kuma da ɗan akwati mai tsawo. Kafasita layi biyu ne masu fuskantar juna, idan an sa alamar tarawa kusa da ɗaya to mai fuska ce, ba a juya ta, kuma a jikinta farin zanen da ke gefe yana nuna ƙafar negatif. Dayod kibiya ce da ta ci karo da sanda, sandar nan ita ce zoben da ke jikinsa. Haruffan da ke kusa da su, R1, C3, D2, Q1, VR1, su ne dai aka buga da farin fenti a kan fanel, kuma ta nan takarda da fanel suke gaisawa. Idan ka ga 4k7, om 4,700 ake nufi. An sa harafin a gurbin ɗigo ne don ɗigo yana ɓacewa idan an yi ta kwafar takarda. Idan ka ga 103 a jikin ƙaramin boliyom, ka rubuta 10 ka ƙara sifili uku: om 10,000. Mai 104 kuma 100,000 ne.

Yanzu ga boliyom ɗin kansa, wanda littafi ke kira fotenshiyomita. Ka samu mataccen guda, ka ɗaga 'yan kunnuwan ƙarfe huɗu da suka riƙe murfinsa da bakin wuƙa. A ciki za ka ga faranti mai ruwan ƙasa, a kansa an shafa baƙin gawayi mai lanƙwasa, da'irar da ba ta rufe ba. Bakin wannan baƙar hanya na hagu yana zuwa ƙafa ɗaya, na dama yana zuwa ɗaya ƙafar. Sai wani siririn ƙarfe mai 'yan yatsu, manne da sandar da ake murɗawa, yana goga baƙar hanyar yana tafiya. Shi ne ƙafar tsakiya. Idan tsohon ya sha aiki za ka ga inda yatsun suka ci gawayin har ya yi haske, da ƙurar hunturu da ta cakuɗe da maiƙo ta zama laka. Kwarr-kwarr ɗin da kake ji ke nan. A zane, duk wannan razista ce guda da kibiya ta soke ta a ciki. Bakunan razistar su ne ƙafafun gefe, kibiyar ita ce ta tsakiya.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar ko sisi in dai akwai mita a shago, ko da 'yar ƙaramar DT830 ce. Ka ɗauki fensir ka goga layi mai kauri a takarda, tsawon yatsa, ka yi ta maimaitawa har ya yi ƙyalli. Ka sa mita a ma'aunin om mafi girma, tsinke ɗaya a bakin layin, ɗaya kuma ka riƙa jan sa a hankali. Lamba za ta riƙa hawa yayin da kake nisa. Ka ƙera boliyom da hannunka. Abin da ke cikin fensir dangin abin da ke kan farantin nan ne.

A nan dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 take shigowa, kuma ita kaɗai ce lissafin da mai koyo ba zai guje wa ba: gudun wuta shi ne bolt a raba da om. Ka ɗauki boliyom mai rubutun B10K, ka sa batir mai bolt 9 a ƙafafunsa na gefe. Wutar da ke bi ta cikinsa 9 a raba da 10,000 ce, wato ƙasa kaɗan da miliamfiya 1, kuma murɗawa ba ta sauya ta. Abin da murɗawa ke sauyawa shi ne wurin da ƙafar tsakiya ta tsaya. Ka auna tsakanin ta da negatif: a ƙarshen hagu sifili, a rubu'in tafiya kusan 2.25, a tsakiya 4.5, a ƙarshen dama 9 cif. Boliyom bai hana wuta wucewa ba. Ya shimfiɗa ta ne daga 9 zuwa sifili, ƙafar tsakiya ta zaɓi inda za ta ɗiba. Duk wanda wannan ya zauna masa a kai ya gama da rabin wahalar.

Sauti ma haka ake yi masa. Ka riƙe boliyom sandarsa na kallonka, ƙafafu na kallon ƙasa. Ta hagu ta tafi GND, ta dama ta karɓi sautin da ke shigowa, ta tsakiya ta kai wa amfilifaya. An murɗa hagu, tsakiya ta matso kusa da GND, shiru. An murɗa dama, ta matso kusa da sauti, ƙara. Yanzu dalilin "juya wayoyin gefe" ya fito fili. Haka kuma kowane kuskure yana da alamarsa. Idan murya tana raguwa amma ba ta mutuwa gaba ɗaya, ko ana jin gurnani a ƙasa, duba wayar GND, ko ta tsinke ko ba a sa ta ba. Idan kuma an kai sautin ƙafar tsakiya aka ɗauka ta gefe, zai yi aiki sama-sama, amma duk lokacin da aka rage shi zuwa ƙarshe ana danne abin da ke turo sautin ne kai tsaye zuwa GND. Mai ƙafa shida ba abin tsoro ba ne, biyu ne aka jera kan sanda ɗaya don lasifikar hagu da ta dama. Ƙarin ƙafa biyu a bayan na rediyo, masu yin ƙas idan an kunna, maƙunni ne kawai, ba ruwansu da gawayin.

Harafin da ke gaban lambar ya fi yadda ake ɗaukarsa muhimmanci. A kayan da ke cika kasuwanninmu, waɗanda ake sarowa daga Sabon Gari ta Kano ko Alaba ta Legas, B yana nufin turjiyar tana hawa daidai wa daida, rabin murɗi rabin lamba. A kuwa yana tafiya a hankali da farko, a tsakiyar murɗi bai fi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, sannan ya yi sauri a ƙarshe. An yi shi haka ne saboda kunnen ɗan Adam. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka ƙarfin sautin wajen sau goma. Shi ya sa idan aka sa B a gurbin A, ladan zai dawo da amfilifaya yana cewa, "Malam, abin nan da na taɓa shi kaɗan sai ya yi tsawa, in na ƙara kuma ba ya ƙaruwa." Ba abin da ya lalace, harafi ne aka saɓa. Wasu tsofaffin kayan Turai sun juya ma'anar haruffan biyu, don haka mita ce alƙali: ka tsayar da sanda a tsakiya, ka auna daga tsakiya zuwa kowane gefe. Idan lambobin sun yi kusa da juna, mai tafiya daidai ne. Idan ɗaya ya ninka ɗaya sau da yawa, na sauti ne. Tsakanin ƙafafun gefe kuwa lamba ba ta motsi ko an murɗa, kuma kada ka yar da mai 10K don ya nuna 9 ko 11, masu ƙera su kan ba da rangwamen har kashi 20 cikin ɗari.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a yanzu daga wajen sola yake zuwa. Garuruwa da yawa a yankin nan sun fi dogara da farantin sola da batir a kan wutar kamfanin rarraba lantarki na Kaduna, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa, don haka fanka mai bolt 12 ta shiga gidaje. Yaro mai ƙwazo sai ya ce bari ya sa mata boliyom a riƙa rage gudu. Ya yanke waya ɗaya, ya saka 10K a tsakani. Ya murɗa, fanka ko motsi. Ya ci gaba, shiru. Dab da ƙarshe sai ta zabura, sai kuma wari da siririn hayaƙi. Lissafin ba shi da wuya. Fankar da ke jan amfiya 1 a bolt 12 kamar om 12 take. Ba za ta motsa ba sai abin da ya rage na gawayin ya sauko kusa da wannan lamba, wato kusan kashi 1 cikin 800 na tsawon hanyar. A wannan ɗan wurin da bai kai kan allura ba ake neman a sauke zafin wat 3, alhali irin waɗannan ƙananan ba su kai rabin wat ba ko an bazu a kan hanyar duka. Boliyom ba ya ɗaukar kaya. Aikinsa ya ba da umarni ga wanda zai ɗauka, taransista ko aisi (IC). Akwatunan rage gudun fanka da ake sayarwa haka suke: boliyom yana gaya wa aisi, sau da yawa mai lamba 555 da ya fito tun 1972, tsawon lokacin da zai riƙa kunna wuta da kashe ta cikin sauri, taransista mai faranti a baya kuma ita ke shan zafin.

Wani lokaci za ka ga a zane an haɗa kibiyar da ɗaya daga cikin bakunan, ƙafa uku sun koma biyu. Mai koyo yakan ce ai ɓata dalma ne, tunda ko ba a haɗa ba yana aiki. Yana aiki kam, har ranar da ƙura ta ɗaga yatsun nan daga kan gawayi. A na'urar rage wuta mai LM317, inda boliyom ke tsakanin ƙafar saiti da GND, yankewar nan tana sa wutar fita ta haura kusan duk abin da ke shigowa, abin da aka jona ya tafi. Idan an haɗa, mafi munin abin da zai faru shi ne turjiya ta tsaya a iyakar lambarta. Haka ƙaramar razistar da ake jerawa da boliyom a gaban fitilar LED: tana nan ne don ranar da aka murɗa zuwa sifili. A zanen da ƙwararre ya yi, da wuya ka samu abin da aka sa don ado. Kafin ka cire, ka tambayi kanka me zai faru in babu shi.

Wanda ke son zanen farko da zai karanta daga kai har ƙafa, ya nemi na LM386, ƙaramin aisin amfilifaya mai ƙafa takwas da ke cikin rediyoyi da ƙananan lasifikoki bila adadin. Yana aiki da bolt 4 zuwa 12, don haka batir ya ishe shi, ba zai ja ka ba. A takarda alwatika ne, lambobin ƙafafunsa a warwatse, 3 da 2 a hagu, 6 a sama, 4 a ƙasa, 5 a dama. A hannu kuwa a jere suke: ka sa ɗan gurbin da ke kansa ya kalli sama, ta farko tana hagunsa, ka sauko zuwa 4, ka tsallaka dama ka hau daga 5 zuwa 8. Fara karatun daga abinci, ba daga sauti ba: 6 fozitif, 4 negatif. Sannan ka bi sauti da yatsa. Ya shigo ta boliyom 10K, kibiya ta kai shi ƙafa ta 3, ta 2 ta sauka GND, ya fito ta 5, ya ratsa kafasita mai 220 ko 250 maikurofarad, ya isa lasifika mai om 8. Haka kawai yana ninka sauti sau 20, idan ka sa kafasita mai 10 maikurofarad tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya koma sau 200. Ga kuma ribar karatu: ƙafa ta 5 tana zama a rabin wutar batir ko babu sauti. Ka ba shi 9 ka ga wajen 4.5, da ransa. Ka ga sifili ko kusan 9, ka san inda za ka tono, ba sai ka bi kayan fanel kana cirewa ɗaya bayan ɗaya ba.

Gargaɗi biyu. Ƙaramin fanel mai LM2596 da masu cajin waya ke saukar da bolt 12 zuwa 5 da shi yana da shuɗin boliyom mai ɗan dunƙulen tagulla a ka. Wannan ba a juyi ɗaya yake ƙarewa ba, yakan ɗauki juyi fiye da goma kafin lamba ta fara sauka. A saita shi da mita tukuna, kafin a jona wayar mutane. Na biyu ya fi nauyi. Wutar gida bolt 230 ce, kuma babbar kafasitar da ke cikin caja ko talabijin tana tara sama da 300, tana iya riƙe su bayan an zare soket. Mai koyo ya tsaya kan kayan batir har sai ya yi aikin wutar gida a gaban wanda ya sani.

Masu son zurfafawa suna da wurin zuwa ba tare da sun bar jiha ba: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda tun 1983, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, ga kuma jarrabawar NABTEB ga masu sana'ar hannu.  Amma ba kowane yaro ne zai kai can ba, kuma karatun nan ba ya jiran takardar shiga makaranta. Roƙona ga masu shaguna ne, daga Bilbis har Bungudu. Idan kasuwa ta lafa bayan azahar, ku ba yaro mataccen rediyo da mita da littafin rubutu, ku ce ya bi wayoyin boliyom ɗin ya zana inda kowace ta nufa, da alamomin da suka dace. Idan ya kawo, ku duba masa, ku nuna masa inda ya manta ɗigo.